Diflomar IB a Idon Uban da Ya Biya Kuɗinta: Karatu Mai Zurfi, Ma'auni Mai Karkata

Kusan duk makarantar da ke kiran kanta ta ƙasa da ƙasa tana da alkawari guda da take bugawa a takardun tallarta, wato cewa za ta haɗa wa yaro karatu mai zurfi da ginuwa ta kowace fuska, hankalinsa da jikinsa da halayyarsa. Daga cikin manhajojin da ake sayarwa da wannan alkawari, babu wadda ta ɗaure kanta da shi a rubuce kamar shirin difloma na International Baccalaureate, wanda aka fi sani da IB, shirin shekara biyun ƙarshe na sakandare ga 'yan shekara 16 zuwa 19. 'Yata ta kammala shi a wata makarantar jeka-ka-dawo da ba zan ambaci sunanta ba. Hukuncina shi ne shirin yana da inganci ƙwarai, kuma ya fi abin da na sani a wasu manhajoji koya wa matashi tunani da rubutu, amma daidaiton da ake tallatawa tsakanin tsananin karatu da sauran ɓangarorin rayuwa ba ya zuwa a cikin manhajar. Makaranta ce ke ƙera shi da jadawalinta da malamanta, ko kuma ta kasa.

An kafa hukumar IB a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan a 1968, aka kuma zana jarrabawar difloma ta farko a hukumance a 1970. Abin da ya haifar da ita matsala ce ta 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na hukumomin duniya, waɗanda iyayensu ke ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa, su kuma su rasa takardar shaidar da jami'o'in ƙasashe dabam-dabam za su yarda da ita. Malaman makarantar ƙasa da ƙasa ta Jeniba, wadda aka buɗe tun 1924, su ne suka fara aikin. Babban daraktan hukumar na farko, Alec Peterson, malamin ilimi ne daga jami'ar Oxford, wanda ya daɗe yana sukar yadda tsarin A Level na Ingila ke ƙuntata yaro ga darasi uku tun yana ɗan shekara 16. A ɗaya gefen kuma akwai tasirin Kurt Hahn, Bajamushen da ya assasa Atlantic College a yankin Wales na Birtaniya a 1962, makarantar da ɗalibanta suka riƙa aikin ceto a teku da jiragen ruwa a matsayin wani ɓangare na karatunsu. Daga waɗannan jijiyoyi biyu shirin ya tsiro, faɗin karatu daga Peterson, hidima da juriya daga Hahn, kuma har yau ana ganin inda aka ɗinke su.

Ɗalibi yana ɗaukar darussa shida: harshensa na karatu da adabinsa, harshe na biyu, darasi ɗaya daga fannin ɗan Adam da al'umma kamar tarihi ko tattalin arziki, kimiyya, lissafi, sai fasaha irin su zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo. Uku daga ciki ana yin su a babban mataki, mai awa 240 na koyarwa, sauran ukun a matsakaicin mataki, mai awa 150. Kowane darasi ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, jimla 42. A tsakiyar wannan da'ira akwai abubuwa uku da su ne ruhin shirin: darasin nazarin ilimi kansa, da ɗalibai ke kira TOK, doguwar maƙalar bincike mai kalma 4,000, da shirin ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a, da ake kira CAS. TOK da maƙalar, idan an haɗa su, ba sa kawo fiye da maki 3, wanda ya kai jimlar zuwa 45. CAS ba shi da maki ko ɗaya, sai dai wanda bai cika shi ba ba zai karɓi difloma ba. Ana cin diflomar da maki 24 bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da samun aƙalla 12 daga darussan babban mataki. A 'yan shekarun nan matsakaicin maki a duniya yana kewayen 30, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu zanawa ne ke samun diflomar.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau ya riga ya ga inda matsalar take. Maki 42 suna gefe ɗaya, maki 3 da sifili suna ɗaya gefen. Abin ya yi kama da mangalar jaki da aka cika aljihu ɗaya da hatsi, ɗayan aka zuba masa auduga: ba za ta zauna daidai ba sai mai jakin yana tallafe da ita duk tsawon hanya. Yaro ɗan shekara 17 ba wawa ba ne, ya san abin da jami'a za ta tambaye shi. Jami'ar Oxford, alal misali, tana neman maki 38 zuwa 40 tare da 6 da 7 a darussan babban mataki, kuma babu wani gurbi a wannan sharaɗi da ke tambayar awa nawa ya yi yana koyar da marayu. Ko rukunin fasaha ma, wanda ake nunawa a matsayin hujjar faɗin shirin, dokar ta ba da damar a musanya shi da kimiyya ta biyu ko wani darasin, kuma a ajin 'yata waɗanda suka tsaya a kan zane ko kiɗa ba su da yawa. Iyaye ne kan gaba wajen wannan musanya, kuma ba na ganin laifinsu, domin wanda ke son ɗansa ya karanta likitanci ko injiniya ba shi da wata hanya.

Ta fuskar zurfin karatu, ba ni da ƙorafi. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane darasi yana da aikin bincike da ɗalibi ke yi da kansa a cikin shekara, malaminsa ya ba shi maki, sannan a tura samfurin ayyukan ajin ga masu tantancewa na waje, waɗanda ke da ikon ɗaga makin ajin gaba ɗaya ko su sauke shi idan malamin ya yi rowa ko ya yi kyauta. A kimiyya da lissafi wannan aiki yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na makin darasin. 'Yata ta zaɓi ta auna yadda tafasa ke rage sinadarin bitamin C a ruwan garin kuka, wato farin garin cikin 'ya'yan itacen da ake yin kwalba da nono da shi. Na ga teburin cin abincinmu ya cika da takardun awo, na ga ta dawo daga ɗakin gwaje-gwaje da tabon aidin a yatsu, na kuma ji ta tana jayayya da kanta a kan ko launin ruwan ne ya ruɗe ta wajen gane lokacin da gwajin ya kai ƙarshe. Malamin ya dawo mata da daftarin farko da jan biro a gefen shafi, yana tambayar me ya sa ta amince da sakamakon da ya saɓa wa sauran, da kuma wane kuskure ne ma'aunin da kansa zai iya kawowa. Ni da na yi kemistiri a sakandaren gwamnati, inda muke haddace sakamakon gwaji kafin mu taɓa ganin kwalbar, na san cewa wannan wani abu ne dabam.

Doguwar maƙalar ma haka take. An ƙiyasta mata awa 40 na aikin ɗalibi, ana haɗa shi da malami mai sa ido wanda zai zauna da shi na 'yan sa'o'i kawai, a ƙarshe kuma a yi masa tambayoyi baki da baki don a tabbatar aikin nasa ne. Wanda ya fito daga wannan ya san yadda ake taƙaita tambayar bincike, yadda ake ambaton madogara, da bambancin ra'ayi da hujja, abubuwan da da yawa daga ɗaliban jami'o'inmu ba sa haɗuwa da su sai a shekarar ƙarshe. Tun 2023 hukumar ta bayyana cewa ba za ta haramta manhajoji irin su ChatGPT ba, amma duk abin da ɗalibi ya ɗauko daga gare su dole ya nuna shi a matsayin maganar wani. Wannan matsayi yana da ma'ana, sai dai ya ƙara ɗora nauyi a kan malamin da ya san salon rubutun ɗalibinsa, wanda ke nufin a makarantar da malamai ke sauyawa kowace shekara, kariyar ta yi rauni.

TOK shi ne darasin da iyaye suka fi tsoro, musamman a gidajen da ake riƙe da addini, domin ana jin cewa darasi ne na koya wa yara shakka. Abin da na gani bai kai haka ba, kodayake ya dogara ƙwarai ga hankalin malamin. Ana ware masa aƙalla awa 100, ana kuma auna shi da maƙala mai kalma 1,600 a kan ɗaya daga tambayoyi shida da hukumar ke fitarwa, da kuma baje koli, inda ɗalibi zai zaɓi abubuwa uku na zahiri ya yi sharhi a kansu don amsa tambaya ɗaya. Tambayar da 'yata ta ɗauka ita ce me ake ƙirgawa a matsayin ilimi. Ta kawo allon da ta yi karatu da shi tana ƙarama, da tsohuwar takardar naira ashirin mai rubutun ajami, irin wadda aka sauya a 2007 aka cire ajamin, da kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro wanda asalin sinadarinsa daga wani tsiro ne dangin tazargade, binciken da ya jawo wa Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Hujjarta ita ce mutumin da ke karanta ajami tiryan-tiryan ana iya rubuta shi a takardar hukuma a matsayin wanda bai iya karatu ba, kuma ganyen da kakanni suka sha ba ya zama magani a idon duniya sai ya bi ta ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka akwai buƙatar a tambayi wane ne ke da ikon yanke hukunci, da kuma lokacin da hukuncin nasa ke da dalili. A ganina a nan ne shirin ya cika alkawarinsa sosai, domin ya tilasta mata ta dubi gidansu da idon bincike ba tare da ta raina shi ba. Abin takaici, duk wannan aiki ɗan ɓangare ne na maki 3.

CAS ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne tutar gina ɗalibi ta kowace fuska, kuma shi ne ya fi sauƙin zama na jabu. A ƙa'ida ana yin sa a kai a kai na tsawon wata 18, da babban aiki guda na haɗin gwiwa wanda ba zai gaza wata ɗaya ba, da sakamako bakwai da ɗalibi zai nuna ya cim ma, da zama uku da malamin da ke kula da shirin. Da can ana ƙirga awa 150, daga baya aka daina ƙirga awa domin kada abin ya zama cike fom. Niyyar tana da kyau, amma cike fom ɗin bai mutu ba, sauya kama ya yi. Yanzu ɗalibi yana loda hotuna da rubutun waiwaye, wato bayanin abin da ya koya daga aikin, a shafin intanet na makaranta, kuma a makarantar 'yata an sha yin makon da yara ke zaune suna rubuta waiwayen abubuwan da suka yi watanni da suka wuce, suna ƙirƙiro darasin rayuwa daga wasan ƙwallon raga na yamma ɗaya. Akwai kuma ziyarar da makarantar ke shiryawa zuwa gidan marayu: motar makaranta mai sanyi ta tsaya, a sauke katan-katan na taliya da sabulu, a jera yaran gidan a ɗauki hoto, a koma kafin la'asar. Tsakanin wannan da ɗaliban Atlantic College da suka riƙa fita cikin teku don ceton rai akwai nisa mai yawa, kuma laifin ba na takardar manhajar ba ne, domin ita ta yi gargaɗi a kan hidimar da ba ta amsa buƙata ta gaskiya ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna, wanda ban ji an tattauna shi a taron iyaye ba. Mu an raine mu a kan cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda hannun hagu bai san abin da na dama ya bayar ba. Tsarin da ke cewa alherin da ba a ɗauki hotonsa ba, ba a kuma rubuta yadda ya sauya zuciyar mai yin sa ba, ba zai shiga lissafi ba, yana koya wa yaro wata ɗabi'a ko da bai yi nufi ba. Ban ce a daina neman hujja ba, domin idan babu ita rabin ajin ba za su yi komai ba. Amma malami mai hankali zai iya karɓar shaidar mutumin da aka yi wa aikin a maimakon hoton fuskokin mabuƙata, kuma zai iya gane cewa yarinyar da ke biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyyar unguwa kowace Asabar da Lahadi ta fi mai ziyarar taliya yin hidima. An karɓi wannan daga 'yata bayan doguwar magana, domin akwai ƙa'idar da ke hana a ƙirga ibada ko wa'azi a cikin CAS, sai da aka bambance koyar da karatu da rubutu daga sauran. Ƙa'idar tana da dalilinta a makarantar da ke tara addinai da yawa, amma mai aiwatar da ita yana buƙatar sanin yadda rayuwar yaran ƙasar da yake aiki take, inda hidima da zumunci da addini ba su rabu gida-gida ba.

Inda ma'aunin ke karyewa gaba ɗaya shi ne zangon farko na shekara ta biyu. A cikin 'yan watannin nan ne doguwar maƙala ke neman kammalawa, ayyukan bincike na darussa shida ke cika wa'adi, maƙalar TOK ke farawa, malamai ke fitar da makin da suke hasashen ɗalibi zai samu, wanda za a tura wa jami'o'i, ga kuma takardun neman gurbi, waɗanda ga masu son likitanci ko Oxford da Cambridge a Birtaniya ke rufewa tun 15 ga Oktoba. Hukumar tana ba da ranakun ƙarshe na tura ayyuka, waɗanda ga masu zana jarrabawar Mayu ke faɗawa a Maris da Afrilu, amma rarraba aikin a tsawon shekara biyu hakkin makaranta ne. Tamu ba ta yi shi da kyau ba. Kowane malami ya sa wa'adinsa kamar darasinsa kaɗai ake yi, har aka sami mako guda da ayyuka uku suka haɗu. Abin da ya fara faɗuwa shi ne barci, sai motsa jiki, sai zaman cin abinci tare da iyali. Na sha farkawa sallar asuba na tarar da fitilar ɗakinta ba a kashe ba tun dare. Daga cikin siffofi goma da IB ke cewa tana son gani a ɗalibinta akwai kasancewa mai daidaita rayuwa, kuma an manna wannan siffa da manyan haruffa a bangon ajin da yara ke gyangyaɗi a cikinsa.

Azumi ma ya shigo cikin lissafin. A shekarar 'yata ya zo ne a kan jarrabawar gwaji da kwanakin tura ayyuka, a 2019 da 2021 kuwa ya faɗa cikin jarrabawar Mayu kanta. Jadawalin jarrabawar duniya ba zai motsa don kowa ba, wannan an fahimta, amma jarrabawar gwaji da wa'adin cikin gida suna hannun makaranta, kuma kalandar Musulunci ba ɓoyayyen abu ba ce. Makarantar da ke da ɗalibai Musulmi masu yawa, ta kuma kasa duba wannan tun farkon shekara, bai kamata ta riƙa maganar kula da yaro ta kowace fuska ba.

Batun harshe ya cancanci a ambata, ko da a taƙaice. Harsunan aikin hukumar su ne Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, amma tana alfahari da kare harshen uwa, kuma akwai hanyar da ɗalibi zai karanta adabin harshensa da kansa a matsakaicin mataki tare da tallafin makaranta. A aikace wannan yana buƙatar makaranta ta nemi izini da wuri, ta samo mai koyarwa, ta tsara littattafai, kuma da na tambaya game da Hausa sai aka dube ni kamar na zo da wasa. Larabci yana cikin darussan da shirin ya tanada tun daga matakin masu farawa, sai dai makarantar ba ta da malaminsa, don haka kowa Faransanci ya yi. Ga yaron da danginsa ke Maraɗi ko Damagaram wannan ba asara ba ce, amma zaɓi ne da ƙarancin ma'aikata ya yi, ba ɗalibi ba.

Sai kuɗi. Makarantun da ke da izinin koyar da diflomar a Najeriya 'yan ƙalilan ne, Legas ce ta fi yawansu, shi ya sa wasu iyaye ke tura 'ya'yansu Gana, inda kwalejin SOS-Hermann Gmeiner da ke Tema ta daɗe tana yin shirin, ko Kenya da Afirka ta Kudu da Ingila. Kuɗin jarrabawa da na horar da malamai da na riƙe izini duk da kuɗin waje ake biyan su, kuma makaranta a kan iyaye take sauke su. Tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, iyalai da dama sun tarar da cewa shirin da suka fara da lissafi ɗaya sun ƙare shi da wani. Shirin shekara biyu ne da ba a yanka shi a tsakiya: wanda ya fita bayan shekara ɗaya galibi ba shi da wata takarda a hannu. Sauyin kuɗin ya kuma taɓa malamai, domin ƙwararrun da suka san yadda ake auna ayyukan IB su ne makarantun Dubai da Doha ke zawarci, kuma malamin lissafin 'yata ya tafi ana tsakiyar shirin. Wanda ya gaje shi ya san lissafi, amma bai san abin da masu tantancewa ke nema a aikin bincike ba, kuma ajin ya ji a jikinsa.

Ga wanda ke tunanin jami'ar gida, akwai abin lura. JAMB tana karɓar diflomar IB a cikin takardun shiga aji biyu kai tsaye, kamar yadda take karɓar IJMB da JUPEB da A Level, amma wannan ba ya ɗauke sharaɗin kiredit biyar na matakin farko, ciki har da Ingilishi da lissafi, ko daga WAEC ko NECO ko makamancinsu. Jami'o'inmu kuma sun saba neman fiziks da kemistiri da bayoloji ga mai son likitanci, alhali tsarin diflomar na yau da kullum ba ya barin ɗalibi ya wuce kimiyya biyu. Saboda haka faɗin da ya zama abin yabo a Amurka, inda jami'o'i da yawa ke yafe wa mai kyakkyawan maki a babban mataki wasu kwasa-kwasan shekarar farko, yana iya zama cikas a Zariya ko Kano ko Maiduguri. Yaron da ya riga ya san likita yake son zama, kuma a gida zai yi karatu, A Level ko IJMB sun fi masa sauƙi da araha, kuma za su bar masa lokacin da zai yi wasa, ya yi tilawa, ya ziyarci dangi, ba tare da ya rubuta rahoto a kai ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba. Wani lokaci manhajar da ba ta yi alkawarin gina yaro gaba ɗaya ba takan bar wa gida filin yin nasa aikin.

Wanda shirin ya fi dacewa da shi shi ne yaron da bai riga ya tsayar da fanni ba, mai son karatu da rubutu, wanda ba ya tsoron lissafi, wanda kuma ya iya tsara lokacinsa ko yana da wanda zai taimaka masa ya koya. Ga irin wannan yaro zan ba da shawarar shirin ba tare da jinkiri ba, amma ba zan ba da shawarar kowace makaranta don kawai tana da tambarin IB a ƙofarta ba. Ranar ziyara, maimakon a bi mai rakiya zuwa wurin ninƙaya da ɗakin kwamfuta, ya fi kyau a nemi ganin jadawalin wa'adin ayyuka na shekara biyu a takarda guda, domin makarantar da ba ta da shi ba ta taɓa zama ta yi tunanin barcin ɗalibanta ba. A tambayi shekara nawa malaman babban mataki suka yi a makarantar, da ɗalibai nawa ne suka fara shirin bara waccan, nawa aka bari suka zana cikakkiyar difloma, domin akwai makarantun da ke janye masu rauni zuwa jarrabawar darussa ɗai-ɗai don matsakaicin makinsu ya yi kyau a talla. A kuma nemi sanin tazarar da ke tsakanin makin hasashen da malamai suka bayar da ainihin sakamakon da ya fito a Yuli. Game da CAS kuwa, a tambayi wane aikin hidima ne makarantar ta riƙe shekara da shekaru a wuri guda, sannan a nemi izinin zuwa wurin a ji ta bakin mutanen da ake yi wa aikin.